Dabino Uku a Gonar da Aka Sayar

Shekara ashirin da wani abu ina buga takardu a ofishin lauya a Dutse, kuma ba yabon kai ba, duk wanda ya saba da bakin kotu ya san aikin hannuna. Da tafireta na fara, a ƙarƙashin wani tsohon lauya, Allah ya jiƙansa, mutumin da in ya ga harafi ɗaya ya karkace sai ya yage takardar a gabanka ya ce a sake. Shi ya dasa mini doka ɗaya: kada ki bar mutum ya dangwala yatsa a takarda sai kin karanta masa ita da Hausa, layi bayan layi, daga sama har ƙasa. Da ya rasu ɗansa ya gaji ofishin. Shi ma lauya ne, Barista muke ce masa, amma ni na san shi tun yana shigowa da wandon makaranta yana cinye mini gyaɗa a durowa. Shi ne oga, ban musa ba, amma tsawa dai ba ya yi mini.

Bayan tafireta muka yi kwamfutar tebur, wadda in an ɗauke wuta sai mu zauna muna kallon juna ni da ita. Rannan Barista ya shigo da wani abu falle ɗaya kamar faranti, ya ajiye mini a tebur, ya ce sunansa tabilet, da shi zan riƙa rubuta takardu daga yau. Na juya shi gaba da baya na ce, "Wannan abin kallon fim ɗin yara? Barista, in ka gaji da ni ka faɗa mini kawai."

Sati biyu ina faɗa da shi. Yatsuna sun saba da dukan tafireta, sai in riƙa ƙwanƙwasar gilashin har Barista ya leƙo ya ce, "Hajiya, a hankali, bai yi miki laifi ba." Daga baya ya sayo mini ɗan madannin haruffa da ake jingina shi a kai, daga nan muka shirya. Kai, abin nan ya shiga raina. Na sa masa suna allona. A ɗauke wuta, a kawo wuta, ba ruwansa. Ya shiga jakata ya fito. Takardar rantsuwa, yarjejeniyar haya, cinikin fili, rabon gado, duk na jera su a ciki kowace da gidanta. In mutum ya zo sai in buɗe tsohuwar takarda irin tasa, in cire sunaye in sa nasa, in gyara iyakoki, kafin ya gama shan ruwa firinta ta tofo masa. Masu buga takardu na bakin kotu suka fara zuwa ina nuna musu. Kaina ya kumbura, gaskiya, kuma a nan abin ya same ni.

Wata Litinin cikin zafi mutum biyu suka zo cinikin gona. Mai sayarwa wani dattijon manomi ne daga wani ƙauye a bayan Kiyawa, Malam nake ce masa. Mai saye kuma wani Alhaji ne, ma'aikacin gwamnati da ya kusa ajiye aiki, yana neman inda zai riƙa zuwa ya huta da hayaniyar gari. Sun riga sun daidaita a tsakaninsu, takarda kawai suke so. A bencin waje kuma akwai wata tsohuwa 'yar firit, yayar Malam ɗin ce, ya taho da ita ne a duba mata ido a asibiti. Ba wanda ya ce ta shigo, ita ma ba ta nema ba.

Ofis a cike ranar, Barista na sauri zai shiga kotu, Alhaji sai duba agogo yake. Na buɗe wata tsohuwar yarjejeniya ta wani lambun mangwaro da muka rubuta a baya, na canza sunaye, na tambayi iyaka. Malam ya lissafo: gabas gonar wane, yamma burtali, kudu gonar marayu, arewa kwari. Na buga, na fitar. Da na zo karantawa na karanta sunaye da iyakoki da kyau, sai na ɗaga kai na ce, "Sauran duk maganar lauyoyi ce, kamar yadda aka saba." Ni da bakina na faɗi haka. Malam ya ce, "To, ai ku kuka san aikinku," ya dangwala. Alhaji ya sa hannu, ya ninke kwafinsa ya sa a aljihu. Saura shaidar mai unguwa da hatimin Barista, aka bar su sai jibi.

Za su tafi tsohuwar ta lallaɓo bakin ƙofa, ta kwance bakin mayafinta, ta zuba mini dabino a tafin hannu.

"Ungo, 'yar nan. Na bishiyata ne, ta cikin gonar nan da kika rubuta."

Na ce, "Na gode, Gwaggo, Allah ya ƙara lafiya," idona na kan mutum na gaba. Na zuba dabinon a durowa na manta.

Sai bayan la'asar, da ofis ya yi shiru, na tuna da shi. Na jefa ɗaya a baki. Irin mai laushin nan ne, mai zaƙi har maƙogwaro. Ina cikin tauna maganarta ta dawo mini: bishiyata, ta cikin gonar nan. Wallahi sai da na daina taunar.

Ni 'yar ƙauye ce, a wajen Buji aka haife ni, ba wanda zai koya mini wannan. A wurinmu ƙasa daban, bishiya daban. Gona tana iya zama ta wane, ɗorawar da ke tsakiyarta kuma ta wance. Kakata ta wajen uwa tana da ɗorawa a gonar da ta canza hannu har sau uku, kuma duk shekara ita ke zuwa ta kaɗe kayanta, ba wanda ya taɓa ce mata don me. Ba a faɗar wannan a wajen ciniki, saboda kowa ya sani. Shi ya sa Malam bai ambata ba. A ganinsa kamar ya ce mini rana daga gabas take fitowa ne.

Na jawo allona na buɗe takardar. Ga shi nan a sakin layi na bakwai, ya biyo ni daga lambun mangwaro: an sayar da gonar tare da dukkan bishiyoyi da rijiyoyi da duk abin da ke tsaye a kanta. Innalillahi. Na sayar wa tsohuwa da dabinonta tana zaune a bencin waje, kuma ta ba ni tukwici.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta raya mini in yi shiru. Wa zai sani? Malam ba ya karatun boko. Wataƙila ma Alhaji ya bar ta ta ci gaba da ɗiba. Amma na daɗe a wannan aiki, na ga yadda ake yi. Alhaji zai iya barin ta, 'ya'yansa fa? Wanda zai saya a hannunsu fa? Su ba su san Gwaggo ba, takarda suka sani. A allona goge layin nan ba zai ɗauke ni ƙiftawar ido ba, amma wanda ke aljihun Alhaji ba ya gogewa daga nan.

Na shiga wajen Barista na ajiye masa allon, na nuna layin, na faɗa masa komai, har da cewa ban karanta ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Hajiya, ke? Ke da kike hana ni sakat da karanta wa mutane?"

Na ce, "E, ni. In ka gama mamakin ka kira Alhaji."

Ya yi 'yar dariya, sannan fuskarsa ta koma ta aiki. Ya ce mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba, wannan a fili yake, amma in aka bar takardar haka, ranar da rigima ta tashi tsohuwar ce za ta riƙa jele kotu tana neman shaidu, ga ido ba lafiya. Ya kira Alhaji ya ce masa shaidar mai unguwa a gonar za a yi, jibi da safe.

Ranar Laraba muka tafi a motar Barista, allona cike da caji a jaka. Muka bar kwalta bayan Kiyawa muka bi turba. Tun daga nesa na hango su, dabino uku a kusurwar gabas, biyu sun yi nauyi da 'ya'ya, ɗaya dogo tsaye ba komai a kansa. An shimfiɗa tabarma a inuwarsu. Mai unguwa na zaune, Malam na gefensa, Gwaggo ta rakuɓe can baya. Alhaji ya riga mu zuwa, yana ta zagaya bishiyoyin yana ɗaga kai yana murmushi. Da na ga murmushin nan na san yau akwai aiki.

Bayan gaisuwa Barista ya ce akwai gyara a takarda, kuma wadda ta rubuta ita za ta yi bayani. Ya miƙa ni gaba, ɗan banza. Na gyara zama na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, dabinon nan na wa ne?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan garinsu. "Na Gwaggo ne mana. Mahaifinsu ya ba ta da ransa, shekarar da aka kai ta ɗaki. Ina yaro aka yi, a gaban mahaifina."

Na karanta musu sakin layi na bakwai da Hausa, a hankali, yadda ya kamata in yi tun ranar Litinin. Malam ya zabura ya miƙe tsaye.

"Subhanallahi! Ni? In sayar da dabinon Yaya? Ni ƙasa na sayar!"

Gwaggo ta miƙa hannu ta dafa gindin bishiyar da ke kusa da ita, ta bar hannun a wurin. Mijinta ya daɗe da rasuwa, a ɗakin da ke gidan ƙanenta take zaune, kuma daga baya na ji cewa daga dabinon nan take sayen sabulunta da maganin idonta, ba ta roƙon kowa.

Alhaji ya zaro takardarsa ya buɗe. "Ni fa ban san wannan zance ba. Dabinon na gani gonar ta shiga raina. Ga hannunsa, ga nawa. Takarda ta gama magana."

Nan fa raina ya ɓaci, kuma rabin fushin da kaina nake yi. Na ce, "Alhaji, takardar nan ba daga sama ta faɗo ba, ni na buga ta da yatsun nan. Layin nan na lambun wani ne, ni na bar shi a ciki, kuma ban karanta wa bawan Allah nan ba. Kana wurin, kana duba agogo. In ka kai ta kotu ni ce shaidar farko, zan tsaya in rantse a gaban alƙali cewa na yi sakaci. Shekara ashirin ba a taɓa kama ni da irin wannan ba, amma gara a yi mini dariya a bakin kotu da in ci haƙƙin tsohuwar nan."

Barista na kallon ƙasa, na san dariya yake dannewa. Alhaji ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya dubi hannun Gwaggo a jikin bishiyar. Ba mugun mutum ba ne, ɗan birni ne kawai. Ya ja Malam da mai unguwa gefe suka yi ƙus-ƙus ɗinsu, ban sa baki ba, ba hurumina ba ne. Da suka dawo ya zauna ya ce, "To, na ji. Amma ni ba zan sayi gona ta zama hanyar kasuwa ba. Yau a shigo, gobe a shigo, awaki su biyo baya."

Na ce, "Wannan kuma magana ce. Faɗi yadda kake so, a rubuta."

Na ɗora allon a cinya. Rana ta haske gilashin ba na ganin komai, sai na ja mayafina na lulluɓe kaina da allon gaba ɗaya. Haka na zauna kamar mai turare, muryoyi na shigo mini daga waje ina bugawa. Alhaji ya ce zai zagaye gonar da waya. Na rubuta. Mai unguwa ya ce to a bar ƙofa ta gabas, daidai bishiyoyin. Na rubuta. Alhaji ya ce ƙofar da kwaɗo. Malam ya ce to mabuɗi biyu, ɗaya a hannun Yaya. Na goge, na gyara. Alhaji ya ce ita kaɗai za ta shiga. Gwaggo ta yi magana karon farko, ta ce, "Ni zan hau dabino, Alhaji?" Aka kwashe da dariya har shi. Na rubuta: ita, ko wanda ta aiko, lokacin fure da lokacin ɗiba. Barista ya leƙo cikin mayafin ya ce in ƙara da magadanta bayan ranta, na ce na riga shi.

Ina bugawa ina tuna zamanin tafireta. Da a lokacin ne, kowace magana ɗaya sai an koma Dutse an sake buga shafi, a dawo, wani ya ce bai yarda ba, a sake komawa. Kafin a yi zuwa uku zuciya ta yi zafi, ciniki ya watse ko a tafi kotu. Yau kuwa magana na fitowa daga bakin mutum tana zama a takarda, in ba ta yi ba a ɗauke ta a sa wata, kowa na zaune a tabarma ɗaya.

Mun kusa gamawa Alhaji ya nuna doguwar bishiyar. "Biyun nan masu 'ya'ya na bar mata. Wannan da ba ta haihuwa zan sare, ta tare mini inda zan yi rumfa."

Gwaggo ta saki salati. "Namijin za ka sare? To su haihu da wa?"

Ta yi masa bayani kamar tana koya wa jikanta. Dabino akwai mace akwai namiji. In lokacin fure ya yi, sai an hau namijin an yanko furensa, a hau matan a ɗaura musu. In babu shi, sai dai su yi 'ya'yan banza marasa ƙwallo, ko akuya ba ta so. Duk ƙauyen ma wajen namijin nan nata ake zuwa roƙon fure. Alhaji ya riƙe baki. Ni ma kaina, da ƙauyancina, ban san abin ya kai haka ba, mu ɗorawa muka sani. Na koma cikin mayafi na ba namijin sakin layi nasa shi kaɗai: bishiyoyi uku ne, mata biyu da namiji ɗaya, ba za a sare ko ɗaya ba, ba za a yi gini ko haƙa a gindinsu ba.

Da na fito daga mayafin gumi ya jiƙa ni sharkaf. Gwaggo ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

"'Yar nan, sunana na ciki?"

Na ce yana ciki har wuri huɗu.

"Nuna mini."

Na nemo wurin, na sa yatsa biyu na buɗa rubutun, ya yi ta girma har sunanta ya cika gilashin daga gefe zuwa gefe. Ba ta karatun boko, ga ido ba lafiya. Ta kawo fuskarta dab da allon ta daɗe tana kallo.

"Duk wannan ni ce?"

Na ce, "Duk ke ce, Gwaggo."

Ta ce tun da aka haife ta ba a taɓa rubuta sunanta a takardar hukuma ba, sai katin asibiti. Na juya kai na yi kamar ina neman wani abu a jaka, don idona ya kawo ruwa kuma ba na son Barista ya samu abin tsokana.

Barista ya ɗauki allon ya je Kiyawa, wani shago ya fitar mana da kwafi huɗu, ya dawo kafin azahar. Na miƙe tsaye a gindin namijin dabinon na karanta takardar tun daga bisimilla har layin ƙarshe, ban tsallake ko wasali ba. Alhaji ya duba agogo sau ɗaya, na dakata na zuba masa ido, ya mayar da hannunsa aljihu. Aka yage tsohuwar takarda a gaban kowa. Malam ya dangwala, Alhaji ya sa hannu, mai unguwa ya shaida, Barista ya buga hatimi. Gwaggo ta danna yatsanta da ƙarfi har tawadar ta fito ta bayan takardar.

A hanyar dawowa Barista ya ce, "Hajiya, da Baba na nan da ya yage miki takarda." Na ce da ya yage, kuma da ya yi daidai, ya kalli hanya. Da muka isa ofis na buɗe duk tsofaffin takardun cinikin gona da ke allona na cire layin nan daga cikinsu. A wurinsa na rubuta tambaya da manyan haruffa, yadda ba zan iya wuce ta ba: bishiyoyin na wa ne? Har yau duk wanda ya zo sayar da gona sai ya amsa ta, kuma za ka sha mamakin yawan waɗanda ke cewa, au, tsamiyar ta innarmu ce.

Bara wata mata ta yi sallama a ofis da ƙullin leda a hannu. Ban gane ta ba sai da ta ce ita 'yar Gwaggo ce. Gwaggo ta rasu da damina. Alhaji kuma ciwo ya kama shi, ya sayar da gonar ga wani mai gidan kaji. Sabon mai gonar ya turo ma'aikata da injin yanka itace, za su share kusurwar gabas. Ita kuma ta ji ƙarar injin daga gida, ta buɗe kwallar uwarta, ta ɗauko takardar a cikin leda uku, ta ruga ko takalmi babu. Ta ce mai gidan kajin ya karanta, ya sake karantawa, ya kira lauyansa a waya, sannan ya ce wa yaransa su kashe injin.

Ta ajiye mini ledar a tebur, dabino ne cike. Na ce, "Namijin fa?"

Ta ce, "Yana nan tsaye, Hajiya. Bana ma gida bakwai suka zo roƙon fure."